Baiwa kuka je nema ko masu tsawo?

Yara sama da ɗari, 'yan ƙasa da shekara 10, an tara su a fili tun sanyin asubar Jos, iyaye sun biya kuɗin fom, sai aka jefa musu ƙwallon manya aka ce sha ɗaya-sha ɗaya a cikakken fili. Minti ashirin aka busa usur, aka ware dogaye guda goma sha biyar, saura a koma gida. Haka aka gani a bidiyon da aka ɗauka a wurin. Wai sunan wannan tantancewa. Sannunku da aiki, koci-koci, ai da tef ɗin tela kuka ɗauko kuka auna su a bakin ƙofa, da kun huta da kuɗin fenti.

Girman jiki kuka gwada. Yaron da aka haifa a Janairu da wanda aka haifa a Disamba na shekara ɗaya, kusan wata 12 ne tsakaninsu, kuma a shekara 8 ko 9 wannan rata ce babba a ƙarfi da gudu. Ka sa su a babban fili, mai ƙarfin ne zai dinga dokawa gaba yana bi da gudu, ƙaramin kuwa ƙila sau uku zai taɓa ƙwallo har a tashi. Me ka gani a taɓawa uku? Ga ƙwallon ma ba tasu ba: ta manya, wato lamba 5, nauyinta giram 410 zuwa 450, ta 'yan shekara 13 ce zuwa sama. 'Yan ƙasa da 8 lamba 3 ake ba su, daga 8 zuwa 12 lamba 4.

Gwajin gaskiya ba ya cin kuɗi. Jera robobin ruwa shida, mita ɗaya da rabi tsakani, yaro ya ratsa su da ƙwallo da ƙafar dama, ya dawo da hagu. Kada ka damu da agogo, duba nisan da ƙwallon ke yi daga ƙafarsa: in tana wuce taku ɗaya, ita ke jan sa. Ka tsaya a ƙarshen layin kana ɗaga yatsu, ya faɗi nawa ne yana tafe. Wanda ya iya faɗa ba tare da ƙwallon ta kuɓuce masa ba, rubuta sunansa, domin ɗaga kai shi ne abin da ya fi wuyar koyarwa daga baya.

Sai tarba. Daga mita 5 a aiko masa ƙwallo sau goma, biyar a ƙasa, biyar a sama, a ƙirga nawa ya kwantar kusa da shi, kuma ina ya juya ta, wajen da babu kowa ko jikin abokin hamayya. Bayan nan bango: ya dinga buga ƙwallo a jikinsa tana dawo masa, daga mita 3, daƙiƙa 30, ƙafa na canzawa. Daga ƙarshe huɗu-huɗu a fili mita 30 da 20, duwatsu a matsayin raga, ba gola, ana juya 'yan wasa duk minti biyar. A nan ake ganin wanda ke neman ƙwallo bayan an ƙwace masa, da wanda ke tsayawa ya riƙe ƙugu. Kuma ba rana ɗaya ba, sau uku aƙalla cikin watanni, saboda yaron da ya zo da yunwa ko takalmin aro da ya yi masa yawa ba shi ne ka gani ba. In ya saba wasa ba takalmi, bar shi ya yi zagaye ɗaya a haka.

Za a ce yara sun yi yawa, ba lokaci. To wa ya sayar da fom ɗari? Za a ce Turawa masu jiki suke so. Ahmed Musa ɗan garin nan ne, ya zura wa Ajantina biyu a 2014, ya zura wa Iceland biyu a 2018, da tsawo ya yi? Moses Simon fa, shi ma haifaffen Jos? Masu cewa ai an sa su ɗaga ƙwallo an ƙirga, mun ji. Yin ɗari biyu ba faɗuwa yana nuna yaro ya daɗe da ƙwallo shi kaɗai, ba ya nuna abin da zai yi in wani ya taso masa.

Wallahi abin da ke ci min rai shi ne ƙaramin yaron nan mai hagu da aka gani yana kuka a bayan raga. Ɗan shekara 9 an gaya masa bai iya ba, kuma zai yarda.

Af, kuma don Allah ku daina kai ƙwallon yara wurin mai faci yana dura mata iska kamar tayar Keke. A danna ta da babban yatsa, ta ɗan lotsa. A busasshiyar ƙasar hunturu, ƙwallo mai tauri tsalle kawai take, babba ma sai ya yi da gaske kafin ya kwantar da ita.