Wai yaro ɗan shekara 14 ne zai zaɓa wa kansa makoma?

Jama'a abin nan ya tsaya min a rai tun ranar Alhamis, na kasa haɗiye shi. Yarona na biyu yana wata makarantar kwana a nan Ingila, irin ta gwamnati ɗin nan da karatun kyauta ne amma kai za ka biya kuɗin kwana da abinci. Yana aji 9 a lissafinsu, kamar JSS3 ɗinmu kenan, kuma a wannan ajin ne yaro yake tsayar da darussan da zai rubuta a jarrabawar GCSE in ya kai shekara 16. Shi ne suka kira mu iyaye taro.

Wani makeken zaure ne, kowane malami da teburinsa da kujeru uku a gabansa, an liƙa sunan darasinsa a kwali, can gefe ga shayi ga biskit, wasu ɗalibai sanye da kwat suna nuna wa mutane hanya, har ɗan littafi mai hotuna aka raba mana. Turanci da lissafi da kimiyya dole ne kan kowa, sauran kuma zaɓi. Kimiyyar ma iri biyu ce, ko a haɗa maka ita a dunƙule, ko ka ɗauki fizis da kemistiri da bayoloji kowanne daban. Lissafi takarda biyu ce, mai sauƙin komai ƙoƙarinka ba za ka wuce maki 5 ba, mai wuyar ita ce take kaiwa 9, wato maki mafi girma. Kuma babu zancen ɗan aji A ko ɗan aji C, yaro ɗaya sai ka ga yana rukunin farko a lissafi amma na uku a Faransanci.

Da muka zauna gaban malamar da ke kula da shi na ce a sa shi a kimiyya ukun nan, a ƙara masa kwamfuta. Sai ta yi murmushi, ta juya kujerarta gaba ɗaya ta fuskanci yaron, ta tambaye shi shi me yake so. Ya sunkuyar da kai ya ce tarihi da zane. Ta rubuta a gabana, sannan ta ce min cikin taushin murya wai zaɓin nasa ne, namu shawara ce. Wallahi ji na yi kamar an watsa min ruwan sanyi.

Ba zan ce namu tsarin ba shi da laifi ba. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya tuna ranar da aka dawo SS1 aka kafe sunaye a allo, wanda lissafi ya kayar a tura shi ajin at kamar horo ake masa. Abokina da muke gado sama da ƙasa ya yi kuka a bayan ɗakin gwaji ran nan, kuma daga wannan takardar hatta abin da zai cike a JAMB an riga an yanke masa. Wannan zalunci ne, na yarda.

Amma fa malaman da suka raba mu sun san mu. A kwatas suke cikin makaranta, malamin lissafinmu da daddare yake zagayowa lokacin firef da tocilarsa in an ɗauke wuta, ya tsaya a kanka ya ga inda ka maƙale, ya san wanda yake da kai amma wasa ya yi masa yawa. Shi ya cire sunana daga komashal ya mai da ni sayins ba tare da ya tambaye ni ba, da an tambaye ni da na bi abokaina, yau kuma da wannan karatun nake ci da iyalina. Makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu da aka buɗe a 1977, likitoci da injiniyoyi nawa suka fitar? Jarrabawa aka yi musu aka ɗebe su, manya suka ga abin da ya dace da su. Yaron da har yanzu sai an tuna masa ya yi aski, ina ya san abin da zai so yana ɗan shekara 30? Malaman yaron sun ce min ƙofa ba ta rufe ba, to amma gaba kaɗan darasi uku kacal yawanci ake ɗauka kafin jami'a, kuma likitanci galibi sai da kemistiri, in ya saba da gudun mai wuya tun yanzu wa zai dawo da shi?

Bayan taron ya kai ni ɗakinsu. Su uku ne kawai, ga kafet ga abin ɗumama ɗaki, kowa da teburinsa, tsit kamar asibiti. Na tsaya ina tuna mu arba'in da wani abu a ɗaki ɗaya, a jiƙa kwaki a bokiti a zuba ƙuli kowa ya sa hannu, ɗan sayins ya koya wa ɗan at lissafi shi kuma ya rubuta masa insha'i. Na ce masa mu gabza muka ci muka yi karatu, ya ce min mene ne gabza.

A bakin mota ya riƙe hannuna ya ce Abba ka yi haƙuri, da Turanci ya faɗa, ni kuma na amsa da Hausa, ban san ko rabin abin da na ce ya kama ba. Takardar zaɓin darussan tana nan kan tebur, Juma'a za a mayar, mamansa tun jiya take cewa in sa hannu kawai, ni kuma na ɗauki biro sau biyu ina ajiyewa.