Yadda na koma Baba Esportasiyo

Ni dai aji uku na yi a lakwal, nan cikin Tawa, kafin tsohona ya zo ya ɗauke ni ya ce alli ba ya cika rumbu. Tun daga ranar albasa ce abincina. Amma akwai wani ciwo da ke jikina wanda gara in faɗe shi tun yanzu: bakina bai iya furta “ban sani ba”. A fadarmu ta shayi, in gardama ta kaure kan gwamnati ko tsadar shinkafa, ni ake juyowa a duba, don rediyo ba ta barin kunnena, ga shi Allah Ya ba ni murya.

Ran wata Laraba bayan isha'i, autata mai shirin sartifika ta zo da kayenta ta durƙusa. Ta ce, “Baba, Mushe, malaminmu, ya ba mu kalmomin tarihi da tattalin arziki, ya ce mu tambayi manya a gida su warware mana da Hausa.” Ban ko buɗe baki ba uwarta ta ɗago murya daga madafa: “Kira yayanki na Yamai a waya, shi ya san Faransanci.” Wannan magana ita ta kai ni ta baro. Ina zaune da raina da furfurata, a ce sai yaron da ni nake aika wa kuɗin mota?

Na ce, “Karanto.”

Ta farko ta zo mini a sama. Tana cewa l'impôt na ce ai wannan ɗan gida ne, lanho ke nan, haraji. Na ƙara mata da labarin kakana, yadda a zamanin Nasara mutane kan kwashe iyali da dare su tsallaka wajen Ingilishi don gudun lanho da aikin tilas. Ta biyu coup d'État, juyin mulki. Ɗan Nijar mai shekaruna ba ya neman littafi a kan wannan. Na lissafa mata da yatsu: 1974 da Kunce ya kifar da Jori Hamani, sai 1996, 1999, 2010, 2023. Hannu ɗaya ya cika cif.

Ta uku kuwa har yau ina jin zafinta a aljihu. Dévaluation. Na ce rubuta, karya darajar kuɗi. A watan Janairun 1994 ne, faran ɗaya na Faransa da muke canzawa sefa 50 aka wayi gari ya koma 100. Lokacin ina tara kuɗin keke, saura kaɗan su cika. Na kwanta da kuɗin keke, na tashi da kuɗin taya ɗaya da ƙararrawa. Yarinya ta yi dariya, ta rubuta, ta dube ni irin duban da ɗiya ke yi wa uba masani. Na waiga wajen madafa don in tabbatar ana ji.

Da na san inda zan tsaya, da nan na tsaya.

Ta ce, “Capitale. Mece ce capitale ɗin Nijar kafin 1926?” Duk ɗan kasuwa ya san kapital, uwar kuɗi ce, jarin da ba a taɓawa ko ana yunwa. Na ɗan yi tunani, kafin 1926 ba yuraniyon, ba man fetur. Na ce, “Rubuta: dabbobi, fatu da gishiri.” Ta ce, “Baba, kamar fa sunan gari ake nema.” Na ce, “Ke da ni wa ya riga wani zuwa duniya?” Ta sunkuyar da kai ta rubuta.

Sai importation. Wannan na sha jin manya na faɗin amfartan, amfartan in magana ta yi nauyi. Na ce abu mai muhimmanci ke nan, kamar ladabi da biyayya ga iyaye. Na faɗi na ƙarshen da ƙarfi.

Sannan exportation. Na maimaita a bakina, esportasiyo, sai na ji espor a ciki, kuma ko jariri ya san espor wasa ne. Nan fa Ba'adaren da ke jikina ya motsa. Na ce kokowa ake nufi, kuma ta gaya wa Mushe cewa gasar takobi ta ƙasa a Tawa aka fara ta, a 1975. Na tashi tsaye na gwada mata yadda ake kama ƙafa, har na taka butar shayi. Ta cika rabin shafi. Da ta tambayi 3 ga Agusta na ce ranar dashen itace, na yi hamma, na ce sauran ta ƙarasa da kanta.

Ran Juma'a da safe ta dawo tun kafin a tashi, ido ya yi ja, wai Mushe na son ganina.

Yaro ne ɗanye, bai kai ɗana na fari ba. Ya tashi ya ba ni kujerarsa, ya gaishe ni har ƙasa, ya buɗe kayen. Na lura yana cizon leɓe. Ya ce, “Baba, dévaluation ɗinku na karanta wa aji, ban taɓa jin wanda ya bayyana ta haka ba.” Na gyara hula. Ya ce, “Sai dai capitale babban birni ne. Damagaram ce, kafin Faransawa su maido da shi Yamai a 1926. Dashen itace kuma gaskiya ne, amma kun manta ranar ce ƙasa ta samu ƴancin kai, a 1960.” Na ce wannan ai kowa ya sani, shi ya sa ban faɗa ba.

Ya yi shiru, sannan ya ce, “Baba, wace sana'a kuke yi?”

Na ce albasa. Ina saye a Galmi da kewaye, in loda a kamyo, a kai Abijan, a kai Akara.

“Shekara nawa ke nan?”

“Talatin, ko da ɗoriya.”

“To Baba, shekara talatin kuna exportation. Fitar da kaya waje ke nan. Shinkafar da kuke ci da rana kuma, wadda ta ƙetaro teku, ita ce importation.”

Wallahi da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na ja murfi. Kalmar da ta ciyar da ni, ta aurar da ƙannena, ta kai ni Makka, ita na ɗauka na jefa filin kokowa.

Na miƙe zan sulale, ya roƙe ni don Allah in shiga aji in yi wa yara bayani, tunda ga mai abin da kansa. Na shiga ƙafa na rawa. Amma da na fara, baki ya sake. Na gaya musu yadda albasa ke arha lokacin girbi, cikin Maris da Afrilu, har manomi ya rasa kuɗin buhu, da yadda muke ajiye ta a rudu, wato rumbun albasa, wata da watanni muna jiran ta yi tsada, muna addu'a kar ta ruɓe. Na gaya musu takardun duwan, da yadda kamyo ɗaya in ya lalace a hanya cikin zafi yake cinye ribar shekara. Mushe na ta rubutu a allo, wannan sunansa kaza, wancan sunansa kaza. Ashe duk wahalar da na sha tana da suna da Faransanci.

Ina gamawa wani ɗan ƙaramin yaro a baya ya ɗaga hannu da ladabi ya ce, “Baba, ku sau nawa kuka ci takobi?” Aji ya fashe. Mushe ya juya ya fuskanci allo, kafaɗunsa na rawa.

Tawa ba ta ɓoye magana. Kafin la'asar labari ya riga ni isa kasuwa. Ina shiga, masu dako suka aje buhuna suka soma kirari, wani ya kama buga gwangwani. A fada kuwa na tarar an ajiye mini kofin shayi da wani guntun kara a gefe, wai takobina.

Jiya yarinyar ta sake zuwa da kayenta, ta wuce ni ina zaune, ta ce wa uwarta ta ara mata waya.