Ku zo Agege ku zana dambe

Wallahi wani labari da na gani na masu zanen wasanni a Legas ya taɓa min zuciya. Zanen da ya fi kama ni shi ne na Rashidi Yekini riƙe da raga, bayan ƙwallon da ya ci Bulgeriya a 1994. Mai zanen bai tsaya gyara fuska ba, kore da fari kawai ya watsa, amma har ihun sai ka ji a kunnenka.

Don Allah masu zane, ku zo Agege ranar dambe. Ku ga hannun da aka naɗe da zare, ƙura na tashi, mai kalangu ya sunkuya yana zuga, gumi na gangarowa a ƙirji. Ina so yarana su ga namu a bango.