Tramol ya shigo gida, mu kuma muna cewa aljanu ne

Assalamu alaikum 'yan uwa na Garwa, Marwa, Kusiri har ƙetaren gada Njamena. Don Allah iyaye da yayye ku tsaya ku karanta.

Allah Ya ce a Suratul Ma'ida aya ta 90 giya da caca ƙazanta ne daga aikin Shaiɗan, ku nisance su, kuma a aya ta 91 Ya faɗa mana abin da Shaiɗan yake so da su, ya jefa gaba da ƙiyayya tsakaninmu ya kuma hana mu ambaton Allah da sallah. Annabi SAW ya ce duk abin da ke sa maye giya ne, duk giya haramun ce. To giyar gida irin su bilbil da arge, da wiski na leda kowa ya san hukuncinsu, amma tramol fa? Shi ya shigo mana da rigar magani, ɗan moto ya jefa a shayi da safe wai don kar ya gaji, mai aikin gonar albasa ya sha wai don ƙarfi, har yaran lekol, wato makaranta. Maganin ciwo ne mai ƙarfi, dangin su morfin, likita na ba da 50 ko 100 mg, na bakin titi kuwa akwai 225 a ƙwaya ɗaya, kuma wani biyu uku yake haɗiyewa.

Ta ina za ka gane abin ya kama mutum? Ka dube shi ranar da bai samu ba. Zufa, hamma ba iyaka, majina, gudawa, ciwon gaɓɓai, dare ya raba bai runtsa ba, ka yi masa magana kaɗan ya hau ka da faɗa, yana samu ya sha kuma sai ka ga ya warware kamar ba shi ba. A da ɗaya ta ishe shi yanzu sai uku. Kuɗin cefane ya fara ɓacewa, waya an sayar, sahun asuba babu shi, ya rantse ya daina sati bai cika ba ya koma. Wani kuma ya yanke jiki ya faɗi yana shure-shure da kumfa a baki, nan da nan a ce iska ce ko sammu, a yi ta hayaƙi wata da watanni, alhali tramol idan ya yi yawa yana kawo farfaɗiya. Wallahi wannan ne ya fi ƙona min rai, uwa ta sani a zuciyarta amma kunyar unguwa ta hana ta faɗa.

Kuma don Allah a daina tsinuwa. An kawo wa Annabi SAW wani mutum da ya sha giya, wani ya yi masa mugun baki, Annabi ya ce kada ku zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan uwanku. Korarsa daga gida tura shi ne wajen masu sayarwa.

Ku zauna da shi lokacin da yake cikin hankalinsa, babansa ko kawu ko malamin da yake jin nauyi. A yi addu'a, a kuma kai shi lopital. Wanda ya daɗe yana shan giya ko diyazefam (ƙwayar sa barci) kar a yanke masa rana ɗaya a kulle shi a ɗaki, jiki na iya karkarwa ya shiga farfaɗiya har ya rasa rai, likita ne zai rage masa a hankali. Idan kun je ku faɗa wa likita gaskiya, me yake sha, guda nawa a rana, tun yaushe, ko yana haɗawa da giya, don haɗin nan yana tsayar da numfashi cikin barci.