Ƙannena masu dako da aikin fadama, ku ji tausayin ƙugunku

Duk wanda ya ga yadda ake lodin albasa a Aliero ko shinkafa a Argungu ya san inda ciwon ƙugu ke farawa. Saurayi ya sunkuya ƙafafu a miƙe, ya ciccibi buhu, ya murɗa jiki ya jefa a mota. Sunkuyon da murɗawar lokaci guda su ke yi wa ƙugu targaɗe.

A inda ƙashin baya ya haɗu da ƙashin ƙugu akwai jijiyoyi masu tauri da ke ɗaure su. In ɗaya ta ja fiye da kima ko ta ɗan yage, za ka ji zafi a gefe guda, wurin da ke lotsawa saman ɗuwawu, har kana iya nuna shi da yatsa. Yakan sauka matsematsi ko bayan cinya, ya tsananta in ka juya a shimfiɗa, ka tsaya da ƙafa ɗaya, ko ka sauko daga mashin. Ba basir ba ne, kuma hoton ƙashi bai nuna jijiya.

Jini kaɗan ke shiga waɗannan jijiyoyi, shi ya sa warkewarsu kan ɗauki mako 6 zuwa 12. A nan kuke cutar kanku. Ka haɗiyi tramadol ko haɗin kemis, zafi ya kwanta, ka koma kan buhu washegari, abin da ya fara haɗewa ya sake ɓarkewa. Don Allah ku bari.

Kwana biyu na farko a naɗe ƙanƙara cikin tsumma a ɗora minti 15, sau uku ko huɗu a yini, daga baya a koma gashi da ruwan ɗumi. Kada a bari kowa ya taka bayan ko ya fizge ƙafa. Kwanciya kada ta wuce kwana biyu, a riƙa tattaki kaɗan kaɗan, a kwana ta gefe da filo tsakanin gwiwoyi. Farasitamol kada ya wuce giram 4 a yini ga babba. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko mai juna biyu kada su sha ibuprofen sai da izinin likita.

Ranar da ka koma aiki, tsuguna ka manna kayan a ƙirji, ka juya da ƙafafu, buhu mai nauyi kuma ku kama ku biyu.

Amma in ƙafa ta rasa ƙarfi, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko fitsari ya tsaya ko ya riƙa zuba, ko akwai zazzaɓi da rama, a tafi asibiti a ranar.