A Gwada Layin Asibiti a Kwamfuta Kafin a Zuba Bulo

Jama'a, duk wanda ya taɓa kai mara lafiya ganin likita a garin nan na Kaduna ya san yadda ake yi. A yi sammako, a yanki kati, a jira a nemo fayil, nas ta auna hawan jini, a ga likita na 'yan mintuna, a tafi gwajin jini, a dawo, sannan a bi layin magani. Wuni ya tafi ke nan.

Da an yi magana sai a ce likitoci sun yi kaɗan. Gaskiya ne. Amma a ƙaro likita biyu yau, a bar ɗakin gwaji da ma'aikaci ɗaya, cunkoson zai tashi daga wannan baranda ya koma waccan, shi ke nan. Sassan asibiti a sarƙe suke, taɓa ɗaya taɓa duka ne.

Kuma layi yana da lissafinsa. A mafi sauƙin lissafin, idan zuwan mutane ya cinye kashi 80 cikin ɗari na lokacin likita, za ka riƙa samun kamar mutum 4 a wajensa. Ya kai kashi 90, sun zama 9. Kashi 95, sun zama 19. Wato ɗan ƙari kaɗan ke rikita wurin. Tun 1952 wani masanin lissafi a Ingila, Norman Bailey, ya yi nazarin wannan, ya nuna amfanin raba wa marasa lafiya lokaci maimakon a tara su duka da safe. Mu har yanzu "ku zo ƙarfe takwas" muke ce wa kowa.

Shawarata ita ce a tsaya da agogo a rubuta minti nawa kowane mataki ke ci, a zuba a kwamfuta, a gina kwaikwayon asibitin. A nan sai a yi ta gwaji ba asarar ko sisi: in an buɗe tagar kati ta biyu fa? In masu ciwon suga da hawan jini sun koma zuwa bayan azahar fa? In damina ta kawo zazzaɓin cizon sauro fa?

Sai dai a sa halinmu a ciki. Matar da za ta taso daga Rigasa ko Maraban Jos a Keke Napep ba za ta iso daidai minti ba, kuma ba kowa ke karanta saƙon waya ba.

Jami'ar Jihar Kaduna tana da ɗaliban lissafi da na kwamfuta, tana kuma da asibitin koyarwa na Barau Dikko. Me zai hana a ba 'yan ajin ƙarshe wannan aikin a matsayin bincikensu na kammala digiri?