Gulbin Maraɗi ya sake raba mu da gari

Duk wanda ya zauna a bakin Gulbin Maraɗi ya san cewa ruwan da ke cika shi ba a kanmu yake sauka ba. Gulbin yana tasowa ne daga ƙasar Katsina a Najeriya, ya bi ta Jibiya ya shigo Nijar ta yankin Madarunfa, ya ratsa gefen Maraɗi da Tibiri da Gidan Rumji, sannan ya karkata ya koma Najeriya ya faɗa Gulbin Rima. Saboda haka sai mu kwana sama garau babu ko ɗigon yayyafi, amma da asuba mu tarar ruwa ya cika gaɓa zuwa gaɓa, ja wur da laka, yana tafe da kututture da shara.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne babu wani sabon abu a cikin wannan. Kowace damina, musamman a watan Agusta, mashigin ƙauyenmu yana yankewa, kuma kowace damina mahukunta suna nuna kamar yau suka fara jin labari. An zo an auna wurin, an kafa turaku, an ce za a yi mana gada, turakun nan har gara ta cinye su. A makon jiya ƙanwata ta fara naƙuda da dare, muka ɗora ta a amalanke muka iso bakin ruwa, muka tsaya cirko-cirko har gari ya waye, domin babu mai fiton da zai yarda ya jefa kwalekwalensa cikin wannan igiya a duhu, kuma ban ga laifinsa ba. Allah ya sa ta sauka lafiya a hannun ungozoma a gindin gawo, alhali muna hango fitilun da ke tsallake.

Da rani kuwa gulbin nan yashi ne zalla, mata na tona shi da ƙwarya kafin su sami ruwan sha. Wata bakwai ko takwas ke nan da mota za ta iya kawo siminti da ƙarfe har tsakiyarsa ba tare da ta jiƙa taya ba. To, me ake jira? Harajin kasuwa dai bai taɓa makara ba, mai karɓarsa yana iso mu ko da ruwa ya kai wuya. Ko gadar ta gagara, a ƙalla a sa wani a Madarunfa ya riƙa buga mana waya idan ruwa ya taso.